Muryar da Aka Jefa a Shara

Yammacin da abin ya fara, babu wanda zai ce maka ga wani abu na daban. Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa, Gwaggo, yayar Injiniya, tana kwashe shanya a tsakar gida, Injiniya kuma yana ƙaramin ɗakinsa na bakin ƙofa inda yake sana'arsa. Mutane kan kawo masa tsofaffin kyamarori da kaset-kaset, shi kuma ya ciro musu bidiyon ya mayar da shi yadda waya za ta iya buɗewa. Ba wani injiniya ba ne fa, 'yan unguwa ne suka laƙaba masa, shi kuma bai taɓa musawa ba.

Kyamarar da ke gabansa ran nan tasa ce. A cikinta akwai minti huɗu na matarsa, wadda ta rasu shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ta bar masa 'ya guda mai shekara uku. A bidiyon tana shanya kaya a wannan tsakar gidan, yarinyar ta riƙe mata zani tana ta ƙyalƙyala dariya, tana kallon wajen famfo inda babu kowa. Duk duniya ba su da wata muryar marigayiyar sai wannan. Shekara da shekaru yakan rufe ƙofa da magariba ya kunna shi kaɗai, bai taɓa nuna wa kowa ba, don ya san in ya kunna a gaban mutum kuka zai yi.

To, yarinyar, da suke kira 'Yar Baba, ta girma. Wata rana suna zaune ta tambaye shi, a hankali, yaya muryar Mama take. Ya buɗe baki zai kwatanta ya rasa ta inda zai fara. Sai ya yi mata alkawari zai saka mata a waya. A lokacin kuwa kyamarar ta tsufa, allonta ya mutu, ta daina kunna komai, sai dai a jona ta da kwamfuta a lallaɓa a kwafo abin da ke ciki. Ya lallaɓa ya kwafo. Yana gamawa ta yi wani ƙas-ƙas a ciki ta ɗauke, ba ta sake kawo wuta ba.

Aikin da ya rage ba baƙo ba ne a wurinsa. Za a raba hoto da murya, a gyara kowanne, a sake haɗa su. Yana danna manhajar da yake aikin da ita sai rubutu mai launin rawaya ya fara zubowa a allo, layi bayan layi. Wani gargaɗin ya ce lokacin murya bai yi daidai da na hoto ba. Wani ya ce an tarar da layin sauti na biyu wanda ba a gane irinsa ba. Injiniya ko a jikinsa. Yana da karatunsa da yake yi wa masu kawo aiki: rawaya surutu ce, sai ja ta fito ake tsayawa. Ya saka abin ji a kunne ya buɗe layin na biyu, bai ji komai ba sai shuuu kamar iska a bututu. Ya ja shi ya jefa a kwandon sharar kwamfuta, kamar yadda ya yi wa ɗaruruwa irinsa. Sabo turken wawa.

Dutsen farko ya sauka a kan kwano kafin ya cire hannu daga kan teburin.

Gwaggo, yayarsa da ta rene yarinyar tun rasuwar uwar, ta leƙa waje tana faɗan 'ya'yan maƙwabta, amma a layin unguwar babu kowa. Na biyu ya sauka, na uku ya biyo. Ba jifa ce ta wasa ba, a hankali take zuwa, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san ba za a buɗe ba. Da duhu ya gama shiga sai ta tsaya.

Washegari ma haka, rana ta uku ma haka. Da rana gida lafiya lau, da zarar inuwa ta cinye tsakar gida sai a fara. Lasifikar ɗakin aikin takan yi shuuu alhali an zare ta daga wuta. Gwaggo ta rantse ta ji mace a wajen famfo tana kiran yaro da irin muryar da ake kiran wanda ya ɓata a kasuwa. Bidiyon ma ya ƙi daidaituwa. Bakin marigayiyar ya riga muryarta, muryar kuma tana yankewa tana in-ina. Kunya ta hana shi nuna wa 'yarsa uwarta a haka. Kullum ta tambaya sai ya ce gobe.

Rana ta huɗu suka tarar da 'Yar Baba a durƙushe bayan kicin. Ta juye kwandon shara a ƙasa tana tonawa da hannu biyu, tana ware ɓawon albasa da leda da toka, hawaye na zuba. Da Gwaggo ta taɓa kafaɗarta sai ta waiwayo ta dube ta da idon da bai san ta ba. Daga nan ta bar cin abinci. Duk magariba sai ta bi sharar gidan kaf, har wadda ke ƙofar gida, farcenta ya kakkarye. An kai ta asibiti, aka auna abin da za a auna, aka ce ba a ga komai ba. Injiniya yakan tsaya daga bakin ɗaki yana kallon 'yarsa tana ramewa, tsoro ya cika shi, don ya taɓa tsayawa haka yana kallon uwarta.

Gwaggo ce ta je ta zo da Malam, wani dattijo siriri mai magana ƙasa-ƙasa, wanda aka san shi da irin wannan aiki. Ya zo kafin faɗuwar rana ya zauna a kan tabarma a tsakar gida, ya sa aka zaunar da yarinyar a gabansa, Gwaggo na riƙe da ita. Bai yi hayaniya ba. Karatu kawai ya fara, a hankali, har dutse ya fara sauka a kwano, shi kuma bai ɗaga kai ba. Can jikin yarinyar ya ɗauki rawa, kanta ya sunkuya, sai wata murya ta fito daga bakinta, muryar babbar mace da kuka ya dusashe.

Malam ya tambaye ta ko wace ce, kuma me yarinya ta yi mata. Ta ce yarinya ba ta yi mata komai ba, hannu kawai ta ara. Ta ce tun kafin a aza tubalin gidan nan take zaune a wajen famfon can, ba ta taɓa fasa musu ko kofi ba. Sannan ta ɗaga hannun yarinyar ta nuna Injiniya.

"Wannan ne ya jefa mini ɗa a shara."

Gwaggo ta yi salati. Malam ya waiwayo ya tambayi Injiniya wace shara ce wannan, ga shi an tone ta gidan duka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai Injiniya ya zauna a ƙasa ya faɗi komai, da kyamarar, da rubutun rawaya, da layin da ya ji shuuu a ciki ya jefar.

Muryar ta ce a kunnensa ne shuuu. Ta ce ranar da ya ɗauki hoton nan ɗanta yana wajen famfo yana wasa da 'yarsu, shi yarinyar take wa dariya. Hoto ba ya kama su, amma kyamarar ta kama dariyarsa. Bai ƙara wata biyu ba ya mutu, don su ma suna mutuwa. Ta ce duk ranar da Injiniya ya rufe ƙofa ya kunna, tana bayan ƙofar a tsugune. Shi yana jin matarsa, ita tana jin ɗanta. Shekara goma sha ɗaya suna zaman makoki tare bai sani ba.

Gwaggo, da ta zo da shirin tsine wa aljana, sai ga ta tana share ido da gefen mayafi.

Injiniya ya ce abin bai ɓata ba, yana nan a kwandon kwamfuta, yanzu zai dawo da shi. Malam ya ce to ga sulhu, ta ɗauki nata ta bar musu nasu, ta saki yarinya. Ta ce a'a. Ta ce a tambaye shi, tunda shi ne mai sana'a: inda matarsa take magana, dariyar wa ke ƙarƙashi? Zai iya tsame ta? Injiniya ya tuna yadda muryar matarsa take in-ina tun da ya raba su, ya sunkuyar da kai ya ce ba zai iya ba, a cakuɗe suke. Ta ce to ba za ta bar ko numfashin ɗanta a hannun wanda ya jefa shi a shara ba, balle a saka shi a waya yana yawo hannu-hannu. Muryar duka za ta tafi da ita. Hoton su riƙe, ba ta da kowa a ciki.

Malam ya murtuke fuska, ya ce ta san abin da zai iya karantawa, kuma ta san abin da zai yi mata.

"Karanta, Malam," in ji ta. "Me ya rage da zai ƙone?"

Malam ya matso kusa da Injiniya ya ce masa a kunne zai iya fitar da ita da ƙarfi, amma yarinya za ta sha wuya, kuma wanda aka kora da zalunci yakan dawo. Ya ce murya tasa ce, 'ya ma tasa ce, shi zai yanke.

Injiniya ya dubi hannun 'yarsa, farce duk jini. Zuciyarsa ta yi masa ciwo irin wanda bai ji ba tun ranar jana'iza. Ya juya ga muryar ya yi mata magana kamar yadda ake yi wa maƙwabciya.

"Ki yafe mini, rashin sani ne. Ki tafi da ita. Abu ɗaya nake roƙo. Yarinyar nan ba ta taɓa jin uwarta ba, kuma na yi mata alkawari. Ki sake ta ta ji sau ɗaya, da kunnenta."

Muryar ta ce to, sau ɗaya.

Ya shiga ɗaki ya ciro layin daga kwandon, ya mayar da shi inda yake, ya haɗa su yadda ya same su. Ko rawaya ɗaya ba ta fito ba. Ya fito da kwamfutar da lasifika ya ajiye a kan tabarma. 'Yar Baba ta yi ajiyar zuciya ta buɗe ido, idonta na gaske, ta ce Baba me ya faru. Ya ce ba komai, zo ki ga Mama.

Ga ta nan, da kaya a kafaɗa, tana dariya tana cewa ya ajiye abin nan ya zo ya riƙe mata igiya. Muryar ta fito tas, daidai da bakinta. Yarinyar ta matsa har hancinta ya kusa taɓa allo. Injiniya, da ya san wannan ne jinsa na ƙarshe, bai kalli allon ba ko sau ɗaya, fuskar 'yarsa yake kallo. A wajen famfo kuma wani abu yana shessheƙa a hankali, babu wanda ya waiwaya.

Minti huɗu ba su da yawa. Da suka ƙare sai famfon ya ɗiga sau biyu, iska ta kaɗa igiyar shanya ta fita ta ƙofa. Malam ya shafa addu'a ya ce ta tafi. Ba a sake jin dutse a kwanon gidan ba.

Bayan kwana uku, da yarinyar ta fara cin abinci, ta ce a sake kunna mata. Ya gaya mata gaskiya, ta ce ta sani, a kunna kawai. Ya duba fayil ɗin, hoto ne zalla, babu layin murya ko ɗaya, babu gargaɗi. Suka zauna su uku suna kallon marigayiyar tana shanya, bakinta na motsi shiru. Da aka zo inda ta sunkuya ta dubi 'yar da ke riƙe da zaninta, sai 'Yar Baba ta buɗe baki ta faɗa daidai da motsin leɓen uwar, har da yadda take jan ƙarshen magana.

"Sake mini zani, 'Yar Baba. Ina nan, ba inda za ni."

Gwaggo ta toshe baki ta tashi ta shige ɗaki. Injiniya ya zauna yana kuka a gaban 'yarsa, abin da ya yi shekara goma sha ɗaya yana rufe ƙofa don kada ta gani. Ita kuwa ta miƙa hannu ta mayar da bidiyon farko.