Sunan da ke Kan Takardar Gida

Da yaƙin basasa ya ƙare mutanenmu suka koma Onitsha, Mero ta tarar da gidan marigayi mijinta a unguwar Fegge yana nan, takarda da sunan ɗanta Manu. Jumare mahauci ya aure ta da marayunta biyu, ya zo da nasa ɗan, Kallamu. Wallahi gidan ya aura, ba matar ba. Ya rubuta takardar mayar da gida sunansa, Mero ta ƙi dangwala hannu.

Sa'o'insa sun kama kwangilar nama a kamfanonin mai na Fatakwal, shi yana nan da tiren tallan nama. Wata Talata da hantsi ya nufi boka a bakin kogi. Bukkar ba taga, sai ƙarnin jini da wata baƙar tukunya rufe da jan ƙyalle tana numfashi.

Boka ya ce, "Za ka yi arziki. Amma na cikin tukunyar nan ba ya cin kaza. Zai ci wanda sunansa ke kan takardar gidanku. In ya gama, ya bi magajinsa."

Jumare ya ce, "Ba jinina ba ne."

"Ni dai na faɗa. Binne wannan layar a ƙofa."

Kwangila ta zo, marsandi ta biyo. Bayan wata bakwai, Manu ya faɗi a tsakar gida, jini na zuba ta hanci, bai tashi ba. Gado ya koma kan ƙanwarsa Haulatu, ita ma ta fara ramewa. Jumare ya daina zancen takarda ɗungum, kuma wannan shirun ne ya tona shi.

Rannan Mero ta ajiye masa abinci, da takarda a kan faifai.

"Maigida, na tona ƙofa, na je har bakin kogi wurin bokanka. Takardar da ka sa hannu tun bara kana jirana, jiya na dangwala a ofis. Gida naka ne. Bayanka, na Kallamu."

Ya durƙusa. "Mero, yaron bai san komai ba!"

"Manu ya sani?"

Ta kama hannun Haulatu suka hau motar Enugu.

Jumare ya bi Fegge ƙofa-ƙofa, ba riga, yana roƙon a karɓi gida kyauta. Ba wanda ya karɓa. Aka binne shi da damina, kafin arba'in Kallamu ya bi shi.

Kai mai haɗama da ke auna gidan maraya da ido, ka ji tsoron Allah. Naka ɗan ma yana cikin layi.