Yatsan Hagu a Ofishin Taki

Rahoton ya iso caji ofis na Safana da hantsi: mota guda ta takin zamani ta fita daga siton Ƙungiyar Manoma ta Hamdala da ke Batsari, kuma ko buhu ɗaya bai kai ga manomi ba.

Sufeto Ikrima mutum ne mai shegen son sanin yadda abu ke aiki. Ko rediyon maƙwabci ce ta lalace sai ya leƙa cikinta. Da ya isa ofishin ƙungiyar a nan cikin Safana, bai fara da mutane ba, wajen kwamfuta ya nufa.

Shugaban ƙungiyar, Alhaji Armaya'u, ya nuna masa wata 'yar na'ura kamar akwatin ashana. Ya ce tun bara suka yi watsi da kalmar sirri saboda ma'aikata na yawan mantawa. Yanzu dangwala yatsa kawai ake yi. Umarnin sakin takin kuwa da sunan Mardiya ya fita, jami'ar da ke kula da rabo.

"Yatsa ba ya ƙarya, Yallaɓai. Ka tafi da ita kawai."

Mardiya na zaune a gefe, idanunta sun yi jawur. Ta rantse ranar tana Zakka wajen jinyar mahaifiyarta. Sufeto ya tausaya mata, amma ya san in aka je kotu, alƙali na'ura zai ji, gidan yari kuma ba nisa gare shi ba.

Yana cikin rubutu sai idonsa ya kai kan hannunta. Jan lalle ya rage a rabin ƙumbarta, sauran ya fita da toho.

"Malama, bikin wa aka sha?"

Ta dube shi da mamaki, ta ce na ƙanwarta ne, kafin saukar damina. Ya tambaya ko na'urar na karɓar yatsa mai ƙunshi. Ta ce ai kuwa a satin nan ƙi ta yi ƙememe, manoma ga su a layi suna ta mita, har sai da Ɗanmalam mai kula da kwamfutocin ya ce ta je ta yi salla, zai gyara. Ta dawo ta tarar ya buɗe mata. Kullum haka ya riƙa buɗe mata har lallen ya kwanta.

Ɗanmalam, da aka kira shi, ya yi ta zuba Turanci. Ya ce goge ƙurar gilashin kawai ya yi. Ranar satar ma yana Katsina sayen tawadar firinta.

Sufeto ya hau mashin ya tafi Batsari. Maigadin sito, wani dattijo mai suna Jinjiri, bai san direban ba. Amma ya ce ya ji shi a waya yana cewa, "Injiniya, an loda." A ƙungiyar Hamdala kaf, mutum ɗaya ne ke tilasta wa jama'a su kira shi Injiniya, alhali kwas ɗin wata uku ya yi.

Da la'asar Sufeto ya tara ma'aikata, ya ce kowa ya dangwala, shi dai sha'awa abin ke ba shi. Alhaji ya dangwala, sunansa ya fito. Mardiya ma haka. Ɗanmalam ya dangwala yana murmushi, sunansa ya fito, ya juya zai koma kujera.

"Injiniya, da na hagun fa?"

"Haba Yallaɓai, wa ke miƙa hagu a gaban manya?"

"Na yafe maka rashin ladabin. Ɗora."

Gaskiya Ɗanmalam ya faɗa, duk ma'aikatan dama suka yi rajista da ita, ba wanda hagu ta taɓa faɗo wa a rai. Ya zaro hannun daga aljihu, ya ɗora. Kwamfuta ta yi haske ta rubuta: Barka da zuwa, Mardiya.

Bai ƙara Turanci ba. Ya ce ranar ƙunshin ne ya saka yatsansa na hagu a ƙarƙashin sunanta, da niyyar taimako, wallahi. Daga baya ya lura ba wanda ya tuna, kuma babu wata kalma ko lamba da za a tambaye shi. Ya faɗi shagon da takin yake. Aka haɗa dama da hagun aka sa musu ankwa, aka fita da shi.

Alhaji Armaya'u ya rasa inda zai sa fuskarsa. Ya nemi gafarar Mardiya a gaban kowa, ya ce daga yau sai kalmar sirri, sannan a turo lamba a wayar mutum, kafin a zo ga yatsa. Mai mantuwa ya je ya sha magani.

Mardiya aka fara bai wa kujera ta zaɓi tata kalmar. Sufeto, da halinsa, ya matso yana leƙe don ya ga yadda ake yi.

Ta ja gefen hijabinta ta rufe madannan kwamfutar.

"Yi haƙuri, Yallaɓai. Har kai."