Kujera a Ƙofar Banɗaki

"Ke dai ban san da wa kika haɗa dangi ba, ko da raƙumi," in ji Injiniya, yana miƙa wa matarsa kofin ruwa. "Mai ciki wata shida, amma a wuni ba ki shan kofi biyu!"

Amarya ta karɓa ta jiƙa leɓe, ta ajiye. "Ba na jin ƙishi ne, Yallaɓai."

Ya yi dariya, ya ɗauki jakar kayan aikinsa. Gyaran firiji yake yi, masu kawo masa aiki ne suka laƙaba masa Injiniya har sunan ya bi shi gida. Shekara uku suka yi suna son juna kafin a ɗaura aure. Ya so ya kama musu haya, Hajiya mahaifiyarsa ta ce atafau, ɗanta namiji tilo ba zai bar ubansa ba lafiya ya tafi wani wuri ba. Amarya ta ce ba komai, inda yake nan take.

Ta labule ta ga ya shiga ɗakin Baba, ya fito da shi a kafaɗa a hankali, ya zaunar da shi a kujerarsa, ya ɗora masa rediyo a cinya. Baba tsohon direban babbar mota ne. Ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, ga kuma ciwon suga da ke tashinsa fitsari a kai a kai. Shi ya sa aka ajiye kujerar tasa daf da ƙofar banɗaki, inda taku uku zai kai shi da sanda. Banɗakin kuwa shi kaɗai ne a gidan, ƙofarsa ta kwano ce, ƙasanta a buɗe. A nan Baba yake wuni, a nan yake salla a zaune, sai bayan isha ɗansa ya mayar da shi ɗaki.

A satinta na farko a gidan ta taɓa ɗaukar buta da rana ta nufi wurin. Ta durƙusa ta gaishe shi. Baba mutum ne mai fara'a, sai ya rage muryar rediyo don ya amsa mata da kyau.

"Amarya, 'yar albarka! Shiga abinki, babu kowa a ciki."

Ta shiga, ta tsaya. Rediyo shiru, tsakar gida shiru, tana jin har numfashin surukinta ta bayan kwano. Ta zubar da ruwan butar a ƙasa ta fito ba ta yi komai ba. Tun daga ranar ta tsara wa kanta doka: sau ɗaya da asuba kafin a fito da Baba, sau ɗaya bayan an shigar da shi. A tsakani kuwa ta daina shan ruwa, tana riƙe alwala ɗaya daga sallar asuba har inda ƙarfinta ya kai. Ta taɓa roƙon Hajiya, a kaikaice, ko za ta ajiye fo a ɗaki.

"Fo? A ɗakin aure? Ke jaririya ce?" Hajiya ta ce. "Ban da ƙazanta a gidana."

Mijinta kuwa, ta ina za ta fara? Ta ce masa mahaifinsa marar lafiya ya tare mata hanya? Sai ta haɗiye.

Da cikin ya girma, riƙon ya zama azaba. Fitsarin ya fara yi mata zafi kamar ana zuba barkono, ya yi duhu, yana wari, mararta na ɗaurewa. Ta riƙa shan farasitamol tana yin shiru. Awon ciki da zai tona ciwon, Hajiya ta ce a bari sai wata bakwai, ita haihuwa biyar ta yi ba wanda ya auna ta.

A ranar da Injiniya ya yi mata tsiyar raƙumi, wajen azahar, sanyi ya rufe ta tana tsakiyar wanke-wanke. Haƙoranta suka riƙa haɗuwa, bayanta ta gefen dama kamar an soka wuƙa. Anti Babba, yayar Injiniya, wadda ta zo wuni, ita ta same ta a ƙasa, kwanuka a warwatse. Kafin la'asar suna asibiti. Kafin magariba naƙuda ta taso ba lokacinta ba. Namiji ne, ɗan mitsitsi. Bai cika awa ɗaya a duniya ba.

Washegari tana kwance, robar ƙarin ruwa a hannunta, ta ji muryoyi a bayan labule.

"Da kunnena na ji nas ɗin ta ce infekshan ne," in ji Anti Babba. "Infekshan a gaban mace, daga ina yake zuwa? Mu ba yara ba ne!"

"Kai ka san kanka?" Hajiya ta tambayi ɗanta.

"Wallahi, Hajiya, ban taɓa sanin wata mace ba sai ita," in ji Injiniya.

"To ka gani! Dama na faɗa, yarinyar da ta yi shekaru a shagon sayar da waya, maza na shiga suna fita. Ta kwaso mana cuta, ta kashe min jika. Ba za ta sake kwana a gidana ba."

Amarya ta jira ta ji ya kare ta, amma bai kare ta ba. Can ya ɗaga labule ya shigo, idanunsa jajur. Ya zauna a bakin gado bai taɓa ta ba.

"Don Allah ki gaya min gaskiya," ya ce da ƙaramar murya. "Kafin ni... akwai wani?"

Rasa ɗan bai sa ta kuka da sauti ba, amma wannan tambaya ta sa. Ta juya fuskarta ga bango.

A haka Likita ta same su, mace mai furfura da tabarau, riƙe da takardar gwaji. Ta dubi mijin, ta dubi matar, ta ja kujera.

"Na ji abin da ake faɗa a waje, domin ba a hankali ake faɗarsa ba," ta ce. "Malam, ka saurara. Ciwon matarka na mafitsara ne, ya daɗe ba a yi magani ba har ya hau ƙoda, zazzaɓinsa ya tayar da naƙuda. Ƙwayar cutar da muka samu irin wadda ke cikin hanjin kowa ce, ni da kai duka. Ba ta hanyar namiji ake ɗaukarta ba. Sauran cututtukan da kuke zargi duk mun gwada, babu ko ɗaya." Ta juya ga Amarya. "'Yata, sau nawa kike fitsari a wuni?"

"Sau biyu."

"Sau biyu? Da ciki wata shida? Ruwa fa?"

"Ba na sha... don kada ya matse ni."

"Babu banɗaki ne a gidan?"

Amarya ta daɗe tana murza bakin zanen gado. "Akwai. Baba ne yake zama a wurin."

Injiniya ya ɗago kai a hankali, ya dubi hannuwansa da suke zaunar da Baba a kujerar nan kowace safiya.

"Wata bakwai da aurenmu, kullum haka?" ya ce. "Kina ɗaki kina... Innalillahi! Ni kuma ina yi miki dariya." Ya zame daga gadon ya durƙusa. "Ki yafe min abin da na tambaye ki."

"Zan yafe," ta ce, hawaye na bin kuncinta. "Amma ka ba ni lokaci. Yau ba zan iya ba."

Hajiya ba ta yarda ba. Ta ce likitoci sun saba rufa wa mata asiri. Ranar da aka sallami Amarya, bayan kwana shida, ta tarar da akwatunanta a jere a tsakar gida, Anti Babba na tsaye a kansu. Baba yana wurinsa, ba wanda ya gaya masa komai sai cewa jikansa ya koma.

Injiniya bai tsaya wurin mahaifiyarsa ba. Ya wuce ya durƙusa gaban Baba, ya faɗi duk abin da Likita ta ce, bai rage ko kalma ba. Amarya ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Baba ya kashe rediyo. Ya dubi ƙofar kwanon, ya dubi ƙofar ɗakin Amarya, kamar mai auna tazarar da ke tsakani.

"Kullum ina cewa yarinyar nan ba ta son fitowa ta gaishe ni," ya ce. "Har na ɗan riƙe ta a raina. Ashe ni ne... Shekara talatin ina tuƙi ban taɓa take ko akuya ba, sai ina zaune a kujera na..." Kuka ya ci ƙarfinsa.

"Baba, don Allah ka daina," Amarya ta ce, ta durƙusa nesa kaɗan. "Ba ka sani ba. Ni ce ban faɗa ba."

"Alhaji, kada ka bari su..." Hajiya ta fara.

"Hajiya, ya isa! Kin ce ta bar gidan nan, to za ta bar shi. Kai, ɗauki akwatunan nan, ka haɗa da naka. Ka nemi ɗaki mai banɗakinsa, ka kai matarka. Da safe ka biyo ka fito da ni, da dare ka mayar da ni, iyakar abin da nake buƙata ke nan. Ku kuma da kuka yi wa 'yar mutane ƙazafi tana cikin jinin ɗanta, ku nemi gafararta kafin ku nemi ta Allah."

Anti Babba ta sulale ta shige ɗaki. Hajiya ta tsaya ƙiƙam. Sai bayan wata biyu ta taka da ƙafarta har ɗakin hayar, ta zauna a bakin katifa ta yi ta kame-kame, kafin ta iya cewa, "Na zalunce ki." Amarya ta yafe mata, kamar yadda ta riga ta yafe wa mijinta.

Ta shanye magungunanta har ƙwayar ƙarshe, ta koma aka sake gwaji. Da ta sami wani cikin bayan shekara biyu, tun watan farko Injiniya ya kai ta awo, Hajiya kuma ta bi su. Ta haifi mace lafiyayya. Baba bai gan ta ba, ya rasu saura sati uku a haife ta.

Kunya ado ce, amma wadda za ta hana mutum faɗin ciwonsa ba ta da lada. Mai lafiya kuma ya riƙa tambaya kafin ya yi zargi, domin sau da yawa mai shiru ba laifi yake ɓoyewa ba, wahala ce. Amarya ta sami sakayyar haƙurinta. Duk da haka, idan aka tambaye ta 'ya'yanta nawa, takan ce biyu.