Nishin da Tabawa Ta Gina

Ku dai ba ku da aikin yi. Tuwo bai gama sauka a cikinku ba, kwanonin ma suna can zube, amma baki ya buɗe da tambayar abin da ya fi ƙarfinku. Wa ma ya ambata muku sunan Tabawa? Ke Lantana, janye ƙafarki daga kan tabarmata. Sau ɗaya zan faɗa, kuma ba na son tambaya.

Tabawa maginiya ce, amma ba ta tukunya ba. 'Yan abubuwan wasa take yi da yumɓu, irin waɗanda ake saya wa yara ranar kasuwa. Sauran maginan suna kallon doki su gina doki. Ita ba ta kallo, saurare take yi. In ta ji ƙarar abu sai ta maimaita da bakinta, hannu kuma ya bi bakin. Ta ce "tuɓul", abin ya fito a dunƙule da tumbi. Ta ce "tsilli-tsilli", ya fito siriri da ƙayoyi. Ta ce "zuuu", ya miƙe kamar igiyar guga. Ba wanda zai iya cewa ga sunan dabbar, amma ka miƙa wa yaro, sai ka ji ya yi ƙarar da bakinsa ba tare da an gaya masa ba.

To, maginan garin suna da doka. Ba a gini a bakin rami. Ka haƙa, ka ɗauka, ka kai gida. Yumɓun da bai shiga gida ba na masu wurin ne.

Tabawa ta san dokar sarai. Gajiya ce ta ci ta. Mijinta wata uku yana kwance da ciwon ƙafa. Ita ce gona, ita ce rijiya, ita ce murhu, ga 'yarta Uwale a baya, wata bakwai. Ran nan ta je ramin ita kaɗai da tsakar rana, saboda gobe kasuwa kuma ba ta da ko abu ɗaya a ƙasa. Ta cika kwando. Ta sunkuya za ta ɗauka, gwiwa ta ƙi. Sai ta ja jiki ƙarƙashin kanya, ta ce a ranta, ƙafa ta huta, hannu ya rage aiki. Ta gutsuro yumɓu.

"Sannu da aiki, maginiya."

Mace ce a tsaye, doguwa, da baƙin zane. Tabawa ba ta ji zuwanta ba, alhali busasshen ganye ne cike da wurin. Warwaro tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Ta gyara zane, warwaron ya motsa. Bai yi ƙara ba.

"Yauwa, sannu, baiwar Allah. Daga ina?"

"Nan kusa."

Bakin matar ya riga ya rufe kafin maganar ta iso. Tabawa ta sunkuyar da kai. Ta so ta tashi. Ƙafar ba ta amsa ba.

Matar ta durƙusa. "Yarana ba su da abin wasa. Gidanmu shiru. Ki gina mini."

"Me zan gina?"

Matar ta nuna sama da leɓe. Wata kurciya ce a reshe, tana kukanta. Tabawa ta ce a ranta, in dai wannan ne da sauƙi. Ta kwaikwayi kukan a hankali, hannu ya bi. Abin ya fito mulmulalle, da lanƙwasa biyu, kamar mai gyangyaɗi. Ta ajiye a ƙasa.

Ya motsa. Ɗanyen yumɓu, ko inuwa bai sha ba. Ya karkata dama, ya karkata hagu, ya fara tafiya yana kukan kurciya.

Tabawa ta ɗaga kai. Kurciyar tana nan a reshe. Maƙogwaronta yana kumbura yana saɓewa. Ba abin da ke fita.

"Ƙara," in ji matar.

Daga can cikin gari ana jin daka, taɓarya biyu suna amsa wa juna. Matar ta juya kunne wajen. Tabawa ba ta so ba, amma baki ya saba. "Dim, dim." Hannu ya yi wani gajere mai faɗin gindi. Tana sakinsa ya hau tsalle, dim, dim, yana tayar da ƙura. Cikin gari kuwa ɗif. Daga baya matan da ke dakan suka ce taɓarya na sauka a turmi kamar a kan auduga, har suka jefar suka gudu.

Matar ta kwashe biyun ta ƙulle a gefen zane. Suna ta mutsu-mutsu a ciki.

A daidai nan Uwale ta farka. Ba ta yi kuka ba. Irin gwarancin nan na jarirai ta fara, tana wasa da leɓe, tana ɗan ƙyalƙyalawa ita kaɗai.

Matar ta tsaya cak. Ta leƙa bayan Tabawa.

"Wannan."

"A'a."

"Shi ne na ƙarshe. Sai ki tafi."

Hannun Tabawa ya riga ya gutsuro yumɓu. Ba ita ta aike shi ba. Yatsu suna murzawa, abin ya fara ɗaukar siffa, ɗan ƙarami, mai laushi. Ta tuna kurciyar. Ta ga 'yarta ta girma tana buɗe baki babu abin da ke fita, ba ta iya kiran uwarta ko da wuta ta kama zanenta.

Sai ta cije leɓe. Ta san hannunta, ba ya ƙarasa gini sai baki ya faɗa. Ta cije har ta ji gishirin jini. Yatsun suka yi ta juyi a wuri ɗaya kamar makahon da ya ɓata hanya.

"Faɗa mana," in ji matar. "Rana na yi."

Tabawa ta danne hannun da gwiwa, sannan ta buɗe baki.

"Baiwar Allah, ke ba maginiya ba ce, bari in gaya miki. Wannan muryar ɗanya ce. Wata bakwai. Yau ta yi kaza, gobe ta canza. Kafin ki kai gida ta ruguje a zanenki, yaranki su yi ta rigima."

Matar ta juyo gare ta. "To me zai daɗe?"

Tabawa ta duba. Ba ta da komai a wurin sai kanta. Ta jingina da kanyar, bayanta ya amsa, abin ya fito da kansa daga can ƙasan ciki.

"Wash."

"Wannan fa?"

"Nawa ne. Shekara ashirin ina yinsa safe da yamma, bai taɓa canzawa ba."

"Yana da nauyi?"

"Ki ɗauka ki ji."

Ta tara yumɓu da hannu biyu. Ta sake faɗa, ta ja shi da tsawo, hannu ya bi. Abin ya fito a sunkuye, da faɗin kafaɗa, ba kai. Ta ajiye. Ya yi taku ɗaya, ya tsaya, ya yi nishi. Ya ƙara ɗaya.

Matar ta sa hannu ɗaya, ya ƙi ɗaguwa. Ta sa biyu. Ta ɗora a ka, wuyanta ya lotsa. Sai ta yi murmushi.

"Wannan zai kai su girma."

Ta gangara cikin ramin. Ba ta fito ta ɗaya gefen ba.

Tabawa ta bar kwandon a nan, ta kamo hanya. Uwale tana ta surutunta a baya har gida. Ita ce ma daga baya ta zama mai guɗa, ba a biki a garin sai da ita.

Amma Tabawa, daga ranar ba ta sake iya yin nishi ba. Gajiyar tana nan, ƙofar fitarta ce aka tafi da ita. Ta ɗauki itace, shiru. Ta haihu sau huɗu bayan nan, shiru. Mutane suka ce ai Tabawa ƙarfe ce, ba ta gajiya. Mai daka ya kawo mata, mai ɗibar ruwa ya kira ta, kowa ya ƙara mata a kan nata, tunda ba a taɓa jin ta koka ba. Da yamma sai ta zauna a bakin ƙofa, ta buɗe baki kaɗan, ta jira. Sannan ta rufe, ta tashi ta hura wuta.

Saboda haka kada in ji an ce an ga ɗayanku a hanyar ramin nan shi kaɗai, ko da rana ta take. In kuma kun ji babba ya ce wash, ku karɓi abin da ke hannunsa, ba sai an roƙe ku ba.

Wash, bayana. Ku tashi ku ba ni wuri, kowa ya je ya kwanta.