Maki Ɗaya

A bakin iyakar Jibiya suka haɗu, motar Maraɗi na tsaye ana duba takardu. Muhsina na kan benci tana fama da wata tambayar lissafi: layuka biyu masu tafiya a jere, wani ya ratsa su, a nemo kusurwa. Wani saurayi ya leƙo.

"Saba'in ce, daidai take da ta wancan ɓarin."

Imrana ke nan, ɗan Maraɗi, malamin lissafi a wata makarantar kuɗi a Jibiya. Kafin wata uku soyayya ta ƙullu, har yana kiran ta "Malamata".

Mahaifinta, Alhaji Ya'u, ya kafe. "Ba ni ba ɗan Nijar ɗiyata ya tahi da ita, sai in ta samu aiki nan Jibiya."

Sai ga makarantar su Imrana na neman malamar lissafi, shi ne kuma mai duba jarrabawar. Muhsina ta zauna jarrabawar, har ta fara zaɓen atamfar biki.

Da maki ɗaya ta faɗi. Ilham, wadda kowa ya san ta daɗe tana yi wa Imrana fari da ido, ita ta samu aikin.

Saƙonsa ya shigo: "Malamata, ba a sa alamar kibiya a zanen ba, ke kika ɗauka layukan a jere suke. Kwana biyu ina riƙe da biro, na kasa ba ki makin."

Ta mayar: "Aurenmu ka soke da jan biro. Ka ci amanata, Imrana. Allah Ya ba ka Ilham."

Sati biyu ba ta ɗaga wayarsa ba, ta rame, sai kuka. Da Alhaji ya ji dalili, sai ya kira ta.

"Ya san makin nan za ya raba shi da ke, kuma ya hana? A kira mani shi."

Bayan sallah aka ɗaura aure. Da la'asar, ƙawaye sun fita, Muhsina ta ɗago mayafi ta dubi Imrana, idonta jawur.

"Baba ya ga mutumin kirki. Ni kau har yanzu abin na yi mani ciwo. In an sake, za ka ba ni makin?"

"A'a, Malamata."

Ta harare shi, hawaye na zuba, amma ba ta zare hannunta daga nasa ba. Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ta gari.