Karsanata da Jirgin Araha

"Lubabatu, ki gaya mini gaskiya... kin taso ko ba ki taso ba?"

"Na taso mana, Hammadu! Ga ni zaune kan akwatina tun jiya. Jirgin ne bai taso ba!"

Ta cikin wayar ina jin kukan shanu ta bayansa.

"Baffa ya ce Asabar zai tashi da shanu, abar ƙaunata. Ya ce in ya tashi ba ki zo ba, a bar maganar."

Shekara huɗu na yi a Alkahira ina karatun ungozoma, mutanen Gummi suna cewa na tafi ke nan. Ni na zaɓi jirgin araha mai yada zango a wata ƙasar Larabawa, don ban yarda kowa ya cika mini kuɗin tikiti ba. A can suka zube mu ranar Laraba. Awa biyu, suka ce. Sannan shida. Daga nan allon ya daina cewa komai.

A gidan su Hammadu kuwa, ba a ɗaura aure sai amarya ta zo ruga da ƙafarta, ta ɗora hannu kan karsanar sadakinta a gaban uban ango. Baffa Dikko idan ya kora shanu kudu, sai ruwa ya sauka yake dawowa. Da ma bai so ɗansa, malamin dabbobi, ya ɗauko 'yar boko ba.

Ran Alhamis suka raba mana busasshen burodi da ruwan gora. Inna ta kira.

"Ɗiyata, mi ya faru? Mata sunka taru nan suna ta yi da ni, wai kin samu Balarabe!"

"Inna, ki ce musu su tanadi guɗa. Ina tafe!"

Na kashe wayar, na shiga banɗaki na yi kukana inda ba mai gani.

Da na fito, wata tsohuwa ta kama mini mayafi. Hajiya Tabawa ce, mutuniyar Anka. Daga Umra suke su ashirin, ƙafafunta sun kumbura suntum.

"Ke 'yar nan, an ce kina jin Larabci. Mu namu na salla ne, ba ya sa jirgi tashi."

Na dubi ƙafarta. Raina ya ɓaci fiye da yadda ya ɓaci don kaina.

"Hajiya, ku taso duka ku biyo ni!"

Gaban teburin kamfanin suka shimfiɗa dardumomi, suka zazzauna, suka kwance ƙullin dabino kamar gidan suna. Ma'aikacin ya ce mini sai gobe in sha Allahu.

"Goben jiya ita ce yau!" na ce masa da harshensa. "Ga ƙa'idarku a jikin tikiti: jinkiri in ya wuce yini, ku sa mu a wani jirgi. Ga mai hawan jini, ga mai ciwon suga. In ɗaya ta faɗi, ni zan rubuta shaida!"

Ya ce mu matsa. Hajiya Tabawa ta miƙa masa dabino. Ba mu matsa ba. Yini guda muka yi a wurin, sai da babbansu ya sauko yana share gumi.

Asabar da safe muka tashi. Asabar! Ina sauka Kano na tarar wayata ta mutu. Na bi mota zuwa Gusau, washegari na wuce Bukkuyum, inda yayana Mas'ud ya ɗauke ni a babur muka nufi Adabka, inda rugar su Hammadu take.

"Ki haƙura, ƙanwata," ya ce. "Baffa ba ya magana biyu."

"Ka ja mu dai. Ko sawun kofato ne, sai na bi shi!"

Muna karya kwana na hango su... farare tas, kwance ƙarƙashin gawo. Shanu!

Hammadu ya taso da gudu, ya tsaya taku uku daga gare ni don kunyar mahaifinsa, idonsa ya cika da hawaye. Baffa Dikko na tsaye, ya rataya sanda a kafaɗa.

"Ke ce Lubabatu? Duk kin yi butu-butu."

"Ni ce, Baffa. Na makara, amma na zo."

"Wannan ja'irin ɗan nawa ya yi wa shanuna allura ran Juma'a, wai dole su huta kwana uku. Shekara sittin ina kiwo, yana tsammani ban gane ba!" Ya nuna wata jar karsana a cikin fararen da sandarsa. "Je ki taɓa abarki. Macen da ta ratso ƙasa uku don saniya ɗaya, ba ni zan hana ta shiga gidana ba."

Na ɗora hannu kan tozonta. Tana da ɗumi. Daga cikin bukkoki mata suka rangaɗa guɗa.

Na karɓi wayar Mas'ud na kira Gummi, na ɗaga ta sama.

"Inna, ki ƙara murya... matan nan su ji da kunnensu!"