Ƙullin Ganye a Jakar Ikilima

"Ikilima, wannan mene ne a jakarki?"

Hajiya Ummukulthum, mahaifiyar Nasrullahi, ta ajiye ƙullin leda a kan tebur. Gaisuwa na zo, saura wata biyu bikinmu. Na shiga ɗaki sallar La'asar, ashe Nazeefa 'yar ƙanwarta, wadda ta daɗe tana yi wa Nasrullahi kwalliyar da bai taɓa lura da ita ba, ta samu aikin yi a jakata.

"Wiwi ce, Hajiya."

"Ba na faɗa ba!" Nazeefa ta tafa hannu. "Wallahi Anti, tun ranar farko..."

"Rufe mana baki," in ji Hajiya. Ta dube ni. "Ke nake saurare."

Nasrullahi na tsaye a bakin ƙofa. Na kasa kallonsa, sai na kalli kafet.

"Ina shekara tara muka gudo daga garinmu, na faɗo daga babbar mota, ƙuguna ya karye. A sansanin 'yan gudun hijira na Kuchigoro mai ɗori ya ɗora shi a karkace. In na yi kuka, gwaggota sai ta ce iyayena ma da aka binne ba su yi raki ba, sai ni mai rai? Tun daga nan na koyi haɗiyewa."

"Sai kika koma shaye-shaye?" in ji Hajiya.

"Da na girma wani likita ya rubuta min tiramol. Ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma huɗu, ranar da babu jikina ya dinga rawa. Na tsorata, Hajiya. Maƙwabciyata Larai a unguwarmu Jikwoyi ta ce in dinga dafa wannan a shayi. Ciwon yana lafawa, amma kaina ya yi nauyi, ga kunya. Kowanne na ɗauka, tsoro nake ji."

"Shekara biyu ina tambayarki ya jiki," muryar Nasrullahi ta fito a hankali, "kina ce min da sauƙi..."

"To me ake cewa?" na ce.

Hajiya ta miƙe. "Allah ya ba ki lafiya. Amma maganar aure, a dakata."

Kwana shida ban ji shi ba. Na yi kewarsa har abinci ya daina shiga, kuma ban ga laifinsa ba. Rana ta bakwai da hantsi sai ga motarsa a ƙofar gidanmu, duk ta sha jar lakar Jikwoyi.

"Ɗauko katin asibitinki, masoyiyata."

"Ba ka fasa ba?"

"Fushi na yi. Fushi daban, fasawa daban."

A asibiti Likita Clara ta buɗe fayil ɗina tana murmushi. "Ikilima, ya jiki?"

"Da sau..."

Nasrullahi ya yi gyaran murya.

Na dube shi, na dube ta. Sai na faɗa mata komai, har yawan ƙwayar, har shayin Larai. Ina magana ina jiran a daka min tsawa, ba wanda ya daka.

Ta juya takardun. "Shekara huɗu ke nan nake rubuta abin da kike faɗa min, wai da sauƙi. Ni kuma na yarda. Da na sani, da tuni kina wajen likitan ƙashi." Ta ce in ajiye ganyen, ƙwayar kuma za mu rage ta sannu a hankali, kada in yanke da kaina. Ba ta yi min alkawarin ciwon zai tafi gaba ɗaya ba, shi ya sa na yarda da ita.

Bayan sati uku Hajiya ta aiko in zo. Na zauna a ƙasa, Nasrullahi na gefe. Ta daɗe tana kallon yadda na miƙe ƙafar hagu, abin da a da ba na yi a gaban kowa.

"Nasrullahi, gidan da ka kama muku, hawa na nawa ne?"

"Na uku, Umma."

"Kai dai ba ka da lissafi! Da wane ƙugun za ta dinga hawa? Ka nemo na ƙasa kafin a kai lefe." Ta juyo gare ni. "Ke kuma tashi ki hau kujera, 'yata."